Kankia da Kusada: Wutar da Talabijin Take Ci

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Katsina ya san Gidan Mutum Ɗaya, inda hanyar da ta taso daga Funtuwa da Malumfashi take haɗuwa da babbar hanya. Wannan mararraba a ƙasar Kusada take. In ka wuce ta kaɗan ka nufi arewa, sai ka shiga Kankia, wadda take kimanin kilomita 60 kafin birnin Katsina. Garin Kusada kansa kuwa ba a bakin babbar hanya yake ba, sai ka ratse ka yi gabas. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Da rani za ka ga itatuwan gawo sun yi kore shar a tsakiyar gonaki, awaki suna kiwo a gindinsu.

Amma akwai wani abin da matafiyi yakan gani a nan wanda ba shuka ba ne. Manyan turakun ƙarfe ne suke tafe a jere ta cikin gonaki, ɗauke da wayoyin lantarki daga Kano zuwa Katsina. A Kankia akwai tashar da take karɓar wannan wuta mai ƙarfin bolt 132,000, ta rage ƙarfinta, sa'an nan a rarraba wa garuruwan da suke kewaye. Watau wuta mai yawa tana bi ta kan mutanen wannan ƙasa. Duk da haka in dare ya yi, sau da yawa ƙarar janareta za ka ji, da safe kuma ka ga farantan sola suna ƙyalli a kan rufin shaguna da gidaje.

Na yi 'yan kwanaki a wannan yanki lokacin hunturu, na lura da abu guda wanda nake so mu duba tare, ya ku masu karatu. Inda wuta ta yi ƙaranci, kowane abin da aka jona yana da lissafinsa. Talabijin da allon kwamfuta kuwa suna cikin abubuwan da muke jonawa kullum ba tare da mun tambayi nawa suke ci ba.

Yadda muka zo nan

Talabijin ta fara aiki a ƙasar nan a Ibadan a 1959, ta iso Kaduna a 1962. A tsakiyar shekarun 1970 tashar Jos ta fara nuna hoto mai launi, a 1977 kuma aka kafa NTA. A zamanin nan mai talabijin ɗaya ne a unguwa, yara su cika masa tsakar gida. Ba wanda ya damu da wutar da take ci, gama akwatin ɗaya ne, kuɗin wuta kuma bai taka kara ya karya ba.

Hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, ta zama PHCN a 2005. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni masu zaman kansu, kamfanin KEDCO ya karɓi jihohin Kano da Katsina da Jigawa. Daga baya abubuwa uku suka faru waɗanda suka sa lissafin wuta ya shiga kowane gida. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, a 2024 kuma ta wuce 1,000 a wurare da yawa. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit. Sa'an nan a watan Oktoba na wannan shekara ta 2024 manyan layukan da suke kawo wuta Arewa suka sami matsala, jihohi da yawa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. Tun daga nan mutane da yawa suka koma ga rana da batir.

Ɗan rubutun da yake bayan akwati

A Kankia na zauna wajen wani mai gyaran rediyo da talabijin, dattijo ne, shagonsa cike da akwatuna har rufi. Na tambaye shi abin da mutane sukan fara tambaya in sun zo sayen ta hannu.

Ya ce, "Malam, abu biyu ne. Inci nawa ce, nawa ne kuɗinta. Shekara da shekaru ina nan, da wuya ka ga wanda ya juya bayanta ya karanta."

Ya juya mini wata, ya nuna mini 'yar takarda da aka manna a baya. A nan ake rubuta ƙarfin wutar da take bukata, 220 zuwa 240 da harafin V, watau bolt. Kusa da shi akwai wata lamba da harafin W. Wannan ita ce abin nema. W ɗin yana nufin wat, an ɗauko shi ne daga sunan James Watt, mutumin Sikotlan wanda ya kyautata injin tururi, ya rasu a 1819. Wat shi ne ma'aunin saurin cin wuta. Kamar bakin tulu ne: in bakin yana da faɗi ruwa ya zube da sauri, in ƙarami ne ya daɗe.

Yunit ɗin da mita take ƙirgawa kuwa shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 yana cinye yunit ɗaya cikin awa ɗaya. Abu mai wat 100 sai ya yi awa 10 kafin ya cinye shi. Lissafin ke nan duka, ɗan aji shida ma zai iya: a ninka wat da awoyi, a raba da 1,000. Lambar da take kan takardar yawanci ita ce iyakar abin da akwatin zai ja, abin da yake ci a zaman yau da kullum yakan yi ƙasa da haka kaɗan. Amma ta isa a gwada akwati da akwati.

Iri uku a shago ɗaya

Akwatunan da suke shagon nan iri uku ne. Na farko ita ce tsohuwar da muka sani, mai ƙaton baya, mai tulun gilashi a ciki. Ita sai ta zafafa wata 'yar waya a ƙarshen tulun, ta riƙa harba haske a kan gilashin gaba da ƙarfin da ya wuce bolt 20,000. Mai inci 21 takan ci wat 70 zuwa 100. Ka ɗora hannu a bayanta bayan awa guda, za ka ji zafi. Zafin nan wuta ce ka biya kuɗinta, ba ta zama hoto ba.

Ta biyu ita ce filasma. A nan sai a yi hankali, gama mu mun saba kiran kowace talabijin marar kauri da sunan filasma, alhali kuwa ba duka ba ne. Filasma ta ainihi tana da nauyi, gabanta gilashi ne mai kauri, tana kuma zafi ƙwarai. Mai inci 42 tana iya cin wat 150 zuwa 300. Manyan kamfanoni kamar su Panasonic da Samsung da LG sun bar ƙera ta wajen 2014. Waɗanda aka yar a Turai da wasu wurare su ne suke zuwa mana a cikin kayan gwanjo, babba ga araha.

Ta uku ita ce wadda ake rubuta wa LED. Ba ta da nauyi, yaro ma zai ɗauka. Ƙananan fitilu ne a bayan allonta suke ba da haske. Mai inci 32 takan ci wat 30 zuwa 50, ga shi ta fi tsohuwar mai inci 21 faɗi.

To, bari mu ce iyali suna kallo awa 5 kowace rana, watau awa 150 a wata. Mai tulu a wat 90 za ta ci yunit 13 da rabi. Filasma a wat 200 za ta ci yunit 30. LED a wat 40 za ta ci yunit 6 kaɗai. In muka ɗauki naira 225 ɗin nan misali, ta farko ta ci wajen naira 3,000, ta biyu 6,750, ta uku 1,350. Kowa ya sa farashin da yake biya a wurin, amma bambancin yana nan: filasma ɗaya tana cin abincin LED biyar. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wani gida a ƙasar Kusada

Mai mita yana ganin wannan bambanci a aljihunsa ne kawai. Wanda yake kan batir kuwa a idonsa yake gani, gama fitila ce take mutuwa. Na ga haka a gidan da na sauka a wani ƙauye na ƙasar Kusada. Maigidan ya sayar da wake ya sayi farantin sola ɗaya, da batir ɗaya, da inbata, watau na'urar da take mai da wutar batir irin ta gida. Da la'asar yara suka share tsakar gida, aka fito da talabijin mai tulu, aka jona ta da dikoda. Kafin ƙarfe goma inbata ta fara kuka, aka kashe kome.

Uwargidan ta ce mini, "Malam, kullum haka muke. Yarinyar nan tana da jarrabawa, amma in an gama kallo ba sauran wutar da za ta yi karatu. Mai shagon da ya sayar mana ya ce batirin babba ne."

Na ce, "Uwargida, a ba ni fitilar hannu in ga bayan akwatin."

Wat 90 aka rubuta. Batirin kuwa bolt 12 ne, an rubuta masa 100Ah. In ka ninka 12 da 100 ka sami 1,200, watau abin da yake cikinsa in ya cika ya yi daidai da yunit ɗaya da ɗan kai. Amma irin wannan batir mai darma ba a son a zuƙe shi ya wuce rabi, in ba haka ba ba zai yi tsawon rai ba. Saura 600 ke nan. Inbata ma tana cin nata rabo, wajen kashi ɗaya cikin goma ko fiye. Abin da ya rage bai fi 540 ba. Talabijin 90, dikoda 15, sun zama 105. Awa biyar ke nan ba fitila, ba fanka, ba cajin waya. In an ƙara waɗannan, awa uku da 'yan mintoci.

Da a ce LED ce mai wat 40, ita da dikoda 55 ne. Awa uku na kallo su ci 165. Ƙwan fitila uku masu wat 7 na awa biyar su ci 105. Duka 270, rabin abin da ake da shi ke nan, yarinya ta yi karatunta, a yi cajin waya, da saura. Batirin bai yi ƙarami ba, bakin tulun ne ya yi faɗi.

Maigidan ya yi shiru, can ya ce, "Ni kuwa da ina shirin in sayi batir na biyu." Muka lissafa tare. Batir na biyu yana bukatar faranti na biyu da zai cika shi, bayan 'yan shekaru kuma ya mutu a sake saye. Sauya akwatin sau ɗaya ne. Akwai ma ƙananan talabijin da aka yi domin sola, waɗanda suke shan bolt 12 kai tsaye daga batir, ba ruwansu da inbata.

Na kuma hau na duba farantin, na tarar ƙurar hunturu ta rufe shi har ana iya rubutu da yatsa. Ƙasar Katsina tana da rana ƙwarai, amma rana ba ta ratsa ƙura. Tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe, kafin farantin ya yi zafi, shi ne maganin.

Ɓarawon da yake cikin ɗaki

Akwai wata wutar da take tafiya ba wanda ya more ta. In ka kashe talabijin da rimot, ka ga 'yar jar fitila tana nan, to ba ta mutu ba, gyangyaɗi take yi tana jiran kira. Tsofaffin akwatuna sukan ci wat 5 ko fiye a wannan hali. Abin ya dami ƙasashen duniya har Hukumar Makamashi ta Duniya ta fito da shiri a 1999 na a rage shi zuwa wat ɗaya. Tarayyar Turai ta mai da shi doka a 2010, ta sake ragewa zuwa rabin wat a 2013. Saboda haka sababbin akwatuna ba su da wannan laifi sosai. Amma tsofaffin da aka yi kafin dokar, su ne da yawa a gidajenmu.

Dikoda ta fi talabijin wannan hali, gama wata ko an kashe ta da rimot kusan daidai take ci da lokacin da take aiki. A ce wat 10 take ja, aka bar ta a jone awa 19 da ba a kallo. Ta sha 190, fiye da sulusin abin da batirin gidan nan yake iya bayarwa. Inbata ma in an bar ta a kunne ba abin da take ɗauke da shi, tana shan batir a hankali. Da yayyafi kogi kan cika. Maganin ba ya bukatar ko kwabo: a kashe daga soket.

Gidan kallo da shagon kwamfuta

Da dare a Kankia samari sukan cika gidajen kallon ƙwallo. Mai irin wannan gida ya fi kowa sanin zafin fetur. Ƙaramin janaretan nan da ya cika gari ba ya ɗaukar abin da ya wuce wat 650 ko kusa da haka. Filasma uku masu wat 250 sun fi ƙarfinsa, dole a nemi babban inji mai shan mai da yawa. LED uku masu inci 43, kowace wajen wat 70, duka 210 ne, ƙaramin ya ɗauke su har da fanka. Amma a san wannan: janareta yana shan mai ko da kayan da aka jona masa kaɗan ne. Wanda ya tā da inji domin talabijin ɗaya tak, yawancin man a ƙara da hayaƙi yake tafiya. In za a tayar, a haɗa aiki, a yi cajin batir da wayoyi a lokaci ɗaya. Kada kuma a taɓa sa shi cikin ɗaki ko zaure a rufe ƙofa saboda tsoron ɓarayi. Hayaƙinsa yana da guba marar wari wadda ta hallaka iyalai da yawa cikin barci.

Batun allon kwamfuta kuwa ya shafi 'ya'yanmu kai tsaye. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum. Yaron ƙauye da bai taɓa zama gaban allo ba, ko ya san amsa, hannunsa na rawa. Saboda haka makarantu da masu shagon buga takardu suna ta neman kwamfuta, sau da yawa kuma tsofaffi ake samu, ko kyauta ko da araha. Tsohon allo mai tulu na inci 17 yakan ci wat 60 zuwa 90. Sabon allo marar kauri na inci 19 zuwa 22 yakan ci 15 zuwa 30. Akwatin kwamfutar kansa yana cin nasa dabam. Kwamfutar cinya kuwa, allo da inji duka, ba ta cika wuce wat 30 zuwa 60 ba, tana kuma da batirinta.

A ce makaranta tana son kwamfuta 20. In tsofaffi ne, allo 75 akwati 80, kowace 155, duka wat 3,100. Wannan sai babban janareta. In na cinya ne masu wat 40, duka 800, 'yan farantan sola sun isa da rana tsaka. Makaranta nawa ne aka jera wa kwamfuta aka lulluɓe da zane, domin ba a yi wannan lissafi kafin a karɓa ba? Kyautar da ba ka iya ciyarwa, kaya ce. A kuma sani, hotunan nan masu yawo a kan allo in an bar kwamfuta ba aiki, ba sa rage cin wuta. Abin da yake ragewa shi ne a sa allon ya riƙa mutuwa da kansa bayan 'yan mintoci, a kuma rage haskensa. Talabijin ma haka: daga shago takan zo da haske mai ƙarfi domin ta ja ido, a ɗaki da dare ba a bukatar wannan.

Babbar gona da ƙaramar gona

A watan Yuli na 2016 gwamnatin tarayya ta sa hannu a yarjejeniya da kamfanoni 14 domin su kafa manyan tashoshin wutar rana. Ɗaya daga ciki, na kamfanin Pan Africa Solar, a Kankia aka shirya shi, mai megawat 75, watau wat miliyan 75. Aka yi murna, amma shekaru suka yi ta wucewa aikin bai kai ga ba da wuta ba. Na yi wani ɗan lissafi a kan wannan adadi. Da rana tsaka, wat miliyan 75 za su ɗauki talabijin mai tulu wajen 830,000. In LED ce mai wat 40, za su ɗauki 1,875,000. Bambancin ya haura miliyan ɗaya, ba tare da an ƙara faranti ko ɗaya ba. Ashe wutar da aka hana ta zubewa daidai take da wutar da aka samar. Babbar gonar sola ba a hannun talaka take ba, amma ƙaramar da take kan rufinsa, da abin da yake jona mata, a hannunsa suke.

Abin da iyali za su yi

Yau da dare, maigida ya kira yara, a juya bayan talabijin a karanta lambar da take da W. A rubuta ta a takarda, da ta dikoda, da ta fanka, da ta kowane ƙwan fitila. A ba ɗan makaranta ya ninka da awoyi. Wannan darasin lissafi ne wanda zai ga amfaninsa a gidansu.

Wanda zai sayi talabijin ko allo, bayan ya tambayi inci da kuɗi, ya tambayi wat. In ta hannu ce marar kauri, ya ɗaga ya ji nauyi, ya bari ta yi aiki ɗan lokaci ya taɓa ya ji zafi. Kada ya sayi wadda ta fi ɗakinsa, gama cin wuta yana ƙaruwa da faɗin allo.

Wanda ba shi da halin sauyawa yanzu, ba laifi. Ya rage haske, ya kashe daga soket, ya kuma sa doka a gida: a fara ware wutar karatu da ta cajin waya, abin da ya saura shi ne na kallo. In kuwa tsohuwar ta mutu, kada a bar yara su buɗe ta ko su fasa tulun. Yana riƙe ragowar wuta mai ƙarfi ko bayan an zare, gilashinsa kuma yana da darma. A kai wa mai gyara.

Mutanen Kankia da Kusada sun san yadda ake auna hatsi. Mace mai hankali ba ta buɗe rumbu ta ɗiba da ka, sai ta auna da tiya, gama ta san watannin da suka rage kafin kaka. Batir ma rumbu ne, rana ce take cika shi, dare kuma yana da tsawo. Sai mu riƙa auna wa kowane akwati tiyarsa.